Waƙar Rakiyar Plinio

Mutanen birnin Cali sun san Plinio Sinisterra da farar kwat, da jan baki, da muryar da kan sa mashayi ya manta da kofin da ke hannunsa. Ni kuwa tun yana yawo ba wando na san shi, don ƙauyenmu ɗaya, can bakin kogin Saija inda ba a zuwa sai da kwalekwale. Sunana Zoila, ni ce mai dafa kifi da madarar kwakwa a bayan kulob ɗin da ya yi aiki. Saboda haka in na ce abu ɗaya Plinio ya nema a duniyar nan, ba a bakin wani na ji ba. Burinsa shi ne ranar da ya mutu, yayarsa Dioselina ta tsaya a kansa ta ɗaga masa waƙar rakiya, kamar yadda ake yi wa kowa a garinmu.

A wajenmu mamacin da ba a yi wa wannan waƙa ba ba ya gane hanya, sai ya yi ta gararamba a bakin ruwa yana firgita masunta. Alabao muke kiranta. Ba ganga, ba garaya, murya ce zalla: mace ɗaya ta ɗaga, jama'a su amsa, tun daga ranar rasuwa har a cika kwana tara. Mahaifiyarsu, Doña Eudosia, ita ce mai ɗagawa a duk tsawon kogin, kuma 'ya'yanta biyu ne suka gaji muryar. Dioselina, babbar, ta gaji ƙarfin. Plinio ya gaji zaƙin. Sa'anninsa na bin iyayensu maza saran katako, shi yana maƙale da siket ɗin uwarsa daga wannan gidan rasuwa zuwa wancan, yana amshi cikin mata. Ubansa, Don Aristarco, ya dake shi har hannunsa ya gaji, amma hali zanen dutse ne.

Kowa ya san yadda Plinio yake, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba, haka aka zauna lafiya har ya tasa. Shi da bakinsa ya rushe wannan zaman. Ranar bikin waliyyin garinmu, ana cin abinci, wani kawunsa ya tsokane shi da tambayar yaushe zai kawo musu amarya. Plinio ya ajiye cokali.

"Kawu, ni maza nake so. Kowa a nan ya sani. Na dai gaji da yin kamar ban san kun sani ba."

Washegari Don Aristarco ya jefa masa kayansa cikin jirgin ruwan dakon katako mai zuwa Buenaventura, garin bakin teku inda ake shiga motar Cali. Uwarsa ta tura masa ƙunshin bandar kifi a jaka. Shekara ba ta zagayo ba tsohon ya kwanta ciwo ya rasu, Dioselina kuwa ta ɗora mutuwar a kan ƙanenta. Ni dai na san hanta ce ta kashe Don Aristarco, don giyar rake ba ta taɓa kwana a gabansa ba, amma wa ya isa ya faɗa wa Dioselina haka?

A Cali wanke-wanke ya fara samu a kulob ɗin Doña Marleny, wata gajeriyar mace mai zafin kai da taushin zuciya. Wata rana da la'asar ta ji shi yana rera bolero, waƙoƙin soyayyar nan masu sanyi, hannunsa cikin kumfa. Ta aro masa kwat ta tura shi kan dandamali. Lokacin da na zo birnin na kama aikin girki a wurin, ya riga ya zama shi ake zuwa gani. Ya aske gira, ya shafa hoda, ya soka jan fure a ƙirji. Wasu mawaƙan irinsa kan rera waƙa kamar mace suke wa kuka don su tsira da mutuncinsu. Plinio kan faɗa tun kafin makaɗa su fara cewa wannan ta wani mutum ce mai gashin baki da ya yi masa alkawari ya saɓa.

Ba kullum abin ke wucewa lami lafiya ba. Akwai tabo a gefen goshinsa, na kwalba ne. Amma bakinsa ya fi kwalba kaifi. Wata rana wani ƙato ya sha ya yi tatul, ya yi ta ihu, ɗan daudu sauko, ɗan daudu sauko. Plinio ya ɗaga wa makaɗa hannu suka tsaya.

"Haba maigida, tun ɗazu kake kirana. Ka bari in tashi daga aiki mana. Ga uwargida nan tana kallonka."

Matar mutumin ce ta fi kowa dariya.

A kulob ɗin ne Plinio ya haɗu da Gildardo, direban bas, mutumin tudu, fari, mai tumbi, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba. Ban taɓa gane abin da Plinio ya gani a jikinsa ba, na kuma faɗa masa. Ya ce da ni, 'yar garinmu, ke kifi kika sani, ki tsaya a kifi. Suka kama ɗaki tare, suka zauna fiye da shekara ashirin, suna faɗa a kan wanda ya bar tukunya ba wanki kamar kowane gida.

Da Plinio ya so, da ya yi nisa. Wani mai buga faifai ya zo daga Bogotá, babban birnin ƙasarmu, ya ji labarin akwai wata irin waƙa da yake yi a unguwar baƙi, ya ce a haɗa ta da jita a sayar, Turawa ma za su saya. Doña Marleny ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi kuka. Plinio ya ce bolero ko nawa ake so zai yi, amma waƙar rakiya in aka rera ta babu gawa, gawa take nema, shi kuma ba zai aika ta gidajen mutane cikin akwatin rediyo ba. Mai faifai ya ce bolero ta tsufa, ya kama hanyarsa. Samarin da suka zo bayan Plinio suka shiga talabijin, shi yana nan a dandamalin da katakonsa ke ƙara. Na ji haushinsa a lokacin, har yau kuma ban tabbata wa ya fi gaskiya ba.

Waƙar da ya hana mai faifai kuwa, kyauta yake raba ta. Mutanen koginmu sun cika Aguablanca, unguwar da talaka ke sauka in ya zo Cali, kuma suna mutuwa a can kamar yadda ake mutuwa ko'ina. Masu ɗaga waƙa ba su da yawa a birni. Da an yi rasuwa sai a aiko masa a ɓoye, ya wanke fuska, ya sa baƙar riga, ya je. Matan da ke janye 'ya'yansu in ya wuce a titi su ne ke share hawaye in ya buɗe baki. Da an cika kwana tara kuma su koma ba su san shi ba. Wannan munafunci ya sha ƙona mini rai. Shi sai ya yi dariya ya ce ai ba don su yake yi ba, don na kwancen ne, kuma bai taɓa ganin gawar da ta kawar masa da kai ba.

Da Doña Eudosia ta rasu, labari bai iso shi da wuri ba. Ni na raka shi, mota, jirgin ruwa, kwalekwale, muka isa an riga an binne ta ana cikin kwanakin tara. Gidajenmu a kan dogayen itace suke, sai an hau tsani. Dioselina ta tsaya a saman tsanin, ta dubi girarsa, ta dubi gashinsa da ya rina, ta ce ba zai hau ya yi waƙa a kan uwarsu ba. Bai yi musu ba. Ya koma cikin kwalekwale ya ɗaure shi a gindin gidan. Kullum in ta ɗaga waƙa a sama, shi yana amsawa daga ƙasa, sauro na cinsa, har aka gama. Ta ji shi sarai, don duk kogin ya ji, amma ba ta leƙo ba. A hanyar dawowa bai ci komai ba, kuma tun daga nan ne ya fara yi mini maganar tasa mutuwar.

Bayan wasu shekaru masu bindiga suka shigo kogin, aka ce kowa ya tashi. Dioselina ta iso Aguablanca da jikoki da tukwane, ta sami gidan bulo marar shafe, layi biyu tsakaninta da ni. Nan da nan ta zama ita ake kira gidan rasuwa, ba a kuma daina kiran Plinio ba, sai ga su a ɗaki guda. Ta ɗaga, ya amsa. Wanda bai ji muryoyin nan biyu tare ba, ba ni da yadda zan kwatanta masa. Tsofaffi kan ce Eudosia ce ta dawo ta rabu biyu. Shekara da shekaru suna haka, amma ko sannu ba ta taɓa haɗa su ba. In an gama ta yafa mayafinta ta bi hagu, shi ya bi dama. Na taɓa ce mata, Doña Dioselina, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce in koma wajen tukunyata.

Hayaƙin tabar mutane na shekara talatin ya taru a maƙogwaron Plinio. Da farko dishewa ce, ya yi ta shan zuma da citta. Daga baya likita ya ce sai an yanka. Aka yanka, muryar ta tafi, ciwon kuma bai tafi ba. Doña Marleny ta ajiye masa kujera kusa da makaɗa, yakan zo da farar kwat ɗinsa da ta yi masa yawa, ya zauna yana kaɗa ƙafa, wani yaro na rera waƙoƙinsa. Daga baya ya daina zuwa. Gildardo ya koma tuƙin safe kaɗai don ya riƙa yi masa wanka da ba shi romo a cokali.

Wata Lahadi na kai wa Plinio romon kifi, ya jawo ni kusa, don sai ka kara kunne kake jin abin da yake cewa. Ya ce in je wurin Yaya in tambaye ta. Ba gafara yake nema ba, bai ga abin da ya yi ba. Ta dai faɗa masa ko za ta ɗaga masa, don ya san yadda zai kwanta. Tsoro ne a idonsa, irin wanda ban taɓa gani ba ko ranar da aka fasa masa goshi.

Na je. Na same ta tana kankare kwakwa. Na faɗi saƙo, ta ci gaba da kankara kamar da bango nake magana. Can ta ce, ya mutu tukuna. Wallahi saura kaɗan in kifa mata kwanon a kai. Na koma na faɗa masa abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya yi murmushi ya motsa leɓe: ba ta ce a'a ba.

Ya rasu ranar wata Talata da rana tsaka, kansa a cinyar Gildardo. Kafin la'asar Dioselina ta aiko babban jikanta. A kawo gawar gidanta, ɗan Eudosia ne, za ta yi masa abin da ake yi. Amma da sharaɗi: mutanen kulob ba za su taka mata gida ba, musamman wancan mutumin.

Doña Marleny ta ce a bar tsohuwar da gidanta, su za su yi masa nasu zaman makoki da makaɗa da furanni, duk Cali ta zo. Kowa ya juya yana kallon Gildardo, don shi ne mai gawa. Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce abin da Plinio ke so ke nan, a kai shi. Shi ya sa masa farar kwat, shi ya kama akwatin har bakin ƙofar Dioselina, ya miƙa wa mazan dangi, ya ja da baya.

Ta cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Aka binne shi, aka kafa teburin mamaci a falonta: hawa-hawa da farin ƙyalle, kyandirori, gicciye, kofin ruwa don in ya ji ƙishi, da baƙin ƙyalle da aka ɗaure a can sama kamar malam-buɗe-littafi. Kullum da yamma ta ɗaga, muna amsawa. Maza na buga domino, wani wasa irin na karta, a waje, ana zagayawa da kofi da burodi da giyar rake. Gildardo kuwa a tsallaken titi yake tsayawa, jikin turken lantarki, har a tashi. Wani lokaci Doña Marleny da makaɗa da 'yan matan rawa su zo su taya shi tsayuwa. Ni ke kai musu kofi a ɓoye, kamar mai sata.

Kwana na tara ba a barci. Gab da asuba ake sallamar mamaci, kuma dole a gama kafin gari ya waye. Mai ɗagawa na rera waƙar ƙarshe ana kwance teburin kaya ɗaya bayan ɗaya, ana kashe kyandir. Jama'a kan rabu biyu su bar fili daga teburin har ƙofa, don ta nan zai fita. Ba mai gilmawa, ba mai tsayawa a ƙofa. Ko jaririn garinmu ya san wannan. Mutumin tudu bai sani ba, ni kuma na manta ban gaya masa ba.

Da aka fara kashe kyandir mata suka ɓarke da kuka. Gildardo ya ji daga tsallake, ya ga gidan na duhu, ya ga ƙofa a buɗe ba kowa a bakinta, karo na farko a kwana tara. Ya tsallako titi ya tsaya a kan dokin ƙofar, ya cika ta da jikinsa, yana leƙe. Bai shigo ba, don ya yi alkawari ba zai shigo ba.

Amshi ya mutu a bakin mutane. Hannun Dioselina na kan baƙin ƙyallen, ta tsaya cak. Aka fara yi masa tsaki, ana yi masa nuni da hannu ya kauce. Wani daga cikin jikokin ya tashi zai ture shi, aka riƙe shi don kada ya gilma filin. Gildardo ya ɗauka korar da ya saba sha ce. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya kama katakon ƙofa da hannu biyu.

"Kwana tara ina titi kamar kare. Ban taka muku gida ba. Nan ma ba zan tsaya ba? Ba inda za ni."

Na buɗe baki in yi masa bayani, Dioselina ta riga ni. Wannan ne karo na farko da ta taɓa yi masa magana.

"Don Gildardo, ba korarka ake yi ba. Yanzu zai fita, ta nan ƙofar zai bi. Kai kuma ka tare."

Ya dube ta, ya dubi filin da aka bari, ya dubi teburin da saura kyandir ɗaya. Na ga lokacin da abin ya shiga kansa.

"In na matsa, ya tafi ke nan?"

"Ya tafi."

"In ban matsa ba fa?"

"Sai gari ya waye masa a nan. Ba shi a cikinmu, ba shi a can. Da wani ne a ƙofar, da ƙila ya raɓa ta gefe ya wuce. Na san ƙanena. Kai ba zai iya wuce ka ba."

Ba wanda ya yi motsi. Ta taga ana ganin sama ta fara haske, zakaran maƙwabta na cara. Hannuwan Gildardo na kan katakon, ƙato da shi yana kuka ba sauti. Ni kaina ban san abin da nake roƙon Allah ba a lokacin, ya matsa ko kada ya matsa.

Dioselina ta nuna gefenta, inda dangi na jini ke tsayawa.

"Shigo ta jikin bango. Zo nan ka tsaya."

Ya saki ƙofar. Ya bi bango a hankali, mata na janye ƙafafu, ya tsaya kusa da ita. Ta ɗaga waƙar daga inda ta yanke, muka amsa, ta kwance baƙin ƙyallen, ta hure kyandir. Wasu sun ce sun ji iska ta wuce ta gabansu. Ni ban ji komai ba, sai numfashin Gildardo.

Da gari ya waye aka fara tattara kujeru. Na same shi a waje yana gyara hularsa, zai je ya fito da bas. Na ce ya tsaya ya karya, ya girgiza kai.

"Zoila, shekara ashirin da wani abu ina jiransa a bakin ƙofar baya ta kulob. In ya fito, mu tafi gida. Da na ga ƙofar nan a buɗe, ƙafata ce ta kawo ni." Ya share fuska da hular. "Ashe yau ba tare za mu tafi ba."